Motar da ke kai rahoton mai ita: a cire fiyus ko a bar ta haka?

Sani: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sanin lantarkin mota. Motocin zamani kusan duk suna zuwa da layin waya a cikinsu, kamfani ne ya manna shi tun a masana'anta. Da shi motar ke aika inda take, gudun da ake yi da ita, lokacin tayarwa da na kashewa, har da yadda mutum ke taka birki. Na shiga saitin allon tawa na kashe duk abin da aka ba ni damar kashewa, amma har yanzu manhajar wayata tana nuna mini inda na ajiye ta da man da ya rage a tanki. Ke nan tana nan tana aikawa. So nake in raba ta da sabis ɗungurungum. Ta ina zan fara, kuma me zan rasa?

Audu: Wa alaikumus salam. Malam Sani, wayar da ke aljihunka fa? Ita ma ai ta san inda kake dare da rana. Ka farke dashbod ka ɓata mota mai tsada, sannan ka shiga da waya a hannu? Ni ban ga abin da ka tsira da shi ba. Wanda ba shi da abin ɓoyewa, me zai dame shi?

Sani: Waya ina iya kashe ta, ina iya barin ta a gida, ina iya hana kowace manhaja ganin inda nake. Mota ba ta ba ni ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Musbahu: Yaya Audu, ba sai kana da abin ɓoyewa abin zai taɓa ka ba, aljihunka ma yana isa. A watan Maris na 2024 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa General Motors na miƙa bayanan tuƙin mutane ga LexisNexis da Verisk, kamfanonin da ke haɗa wa masu inshora rahoto a kan direba. Wani mai Chevrolet Bolt ya ga kuɗin inshorarsa ya tashi da kashi 21 cikin 100 alhali bai yi hatsari ba. Da ya nemi rahotonsa sai aka ba shi shafi 258, a ciki akwai tafiye-tafiye 640 na wata shida: ƙarfe nawa aka tashi, ƙarfe nawa aka tsaya, nisan da aka yi, sau nawa aka taka birki da ƙarfi, sau nawa aka figi mota. Ka duba fa, na'urar ba ta san dalilin birkin ba. Yaro ne ya faɗo titi ka ceci ransa, ita dai "birki mai tsanani" za ta rubuta, a lissafa maka shi cikin ganganci. Da yawa daga masu motocin sun ce ba su ma san an saka su a shirin tattara bayanan tuƙin ba, tun wurin dillali aka danna musu amincewa cikin tarin takardu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne arhar da aka sayar da mutane. A Yulin 2024 Sanata Ron Wyden da Sanata Ed Markey na Amurka sun fitar da cewa Hyundai ta ba Verisk bayanan motoci miliyan 1.7 a kan kimanin senti 61 kowace mota, Honda kuma senti 26. Ko dala ɗaya sirrin mutum bai kai ba.

Audu: To wannan kamfanoni biyu uku ne suka yi ba daidai ba. An kama su, shi ke nan.

Musbahu: Gidauniyar Mozilla ta duba ƙa'idojin sirri na sunayen motoci 25 a Satumban 2023, babu ko ɗaya da ya ci jarrabawar. Kashi 84 cikin 100 sun rubuta da kansu cewa suna iya raba bayananka da wasu, kashi 76 sun ce suna iya sayarwa. Renault da Dacia kaɗai suka ba kowane direba damar a goge bayanansa. Ba 'yan tsiraru ba ne, Yaya, haka sana'ar ta koma.

Injiniya Habu: Malam Sani, bari in zo kan tambayarka kai tsaye, don na buɗe irin waɗannan da hannuna.

Abin da kake nema wani ɗan akwati ne, girmansa bai wuce tafin hannu da yatsu ba. Kowane kamfani da sunan da yake kiransa, Toyota na cewa DCM, wasu TCU. Galibi yana bayan rediyo, ko bayan akwatin ajiya na gaban fasinja, ko a but, wani lokaci a saman rufi ƙarƙashin eriyar nan mai kama da ƙayar bayan kifi. In ka ciro shi za ka ga babban soket ɗaya mai wayoyi da yawa, sai ƙananan kawuna masu launi biyu ko uku, su ne na eriya. Kada ka sa ran ganin katin layi da za ka zare da farce. Layin ɗan guntu ne da aka liƙe da dalma a jikin allon.

Mutane kan fara da cire fiyus saboda shi ne mafi sauƙi, kuma ana iya mayarwa cikin minti ɗaya. In ka yi sa'a akwatin na da fiyus nasa shi kaɗai. In ba ka yi ba, yana raba fiyus da rediyo ko makullin ƙofa ko wani abin da ba za ka iya rayuwa babu shi ba. Kuma akwai abin da mutane ke mantawa: da yawa daga akwatunan nan suna da ƙaramin batir a cikinsu, an saka shi ne don ko hatsari ya tsinke babban batir motar ta iya kiran agaji. Saboda haka cire fiyus ba ya nufin ta yi shiru nan take.

Wasu sai su ce a zare eriya kawai. Nan ne aka fi yaudarar kai. Modem ɗin, wato na'urar cikin akwatin da ke magana da turken sabis, ba ya mutuwa don ka zare masa eriya, rauni kawai yake yi. Ka faka kusa da turken sabis, ɗan guntun ƙarfen soket ɗin ma ya ishe shi ya kama, sai ya juye duk abin da ya tara. Ga shi eriyar sabis takan zama biyu, wasu kuma da ta uku a cikin akwatin kanta. Wanda zai bi wannan hanya sai ya toshe kowane kai da abin da ake kira lodin bogi mai om 50 (om ma'aunin lantarki ne), ya shanye siginar, ita ma ƙwaƙwalwar motar kan ɗauka eriya na nan. Ko da haka ban taɓa ce wa kowa tabbas ba.

Abin da ya fi tabbas shi ne zare babban soket ko fitar da akwatin gaba ɗaya. Amma nan ma akwai tarko. A wasu samfuran Toyota wayar makirufo ta cikin akwatin take bi, wani lokaci har da sifikar gaba ta dama, saboda da su ake magana in an danna SOS, maɓallin kiran agaji. Ka cire shi, sai ka kira mutum ta Bluetooth kana jin sa shi ba ya jin ka. Ana sayar da 'yar wayar haɗi da ke tsallake akwatin ta mayar da makirufo, ko mai wayarin da ya san aikinsa ya haɗa. A wasu motocin kuma, musamman masu amfani da lantarki, ba ma akwati ne daban ba, an gina modem ɗin cikin babbar kwamfutar allo. Waɗannan ba na taɓa su.

Sani: Allah ya saka da alheri, Injiniya. Injin da giya fa, ba za su samu matsala ba?

Injiniya Habu: A mafi yawan motocin fetur, a'a. Za ta tashi ta yi tafiya yadda ta saba. Abin da za ka gani shi ne fitilar SOS ta koma ja ko saƙon gargaɗi a allo duk sanda ka tayar, sai lambar matsala da za ta zauna a ƙwaƙwalwa. Tayarwa daga nesa, buɗe ƙofa da waya, taswira mai nuna cunkoso, duk sun tafi. GPS kanta ba ta da laifi, karɓa kawai take yi daga tauraron ɗan'adam, ba ta aika komai. Modem ne bakin da ke faɗa.

Hajiya Rabi: Ina ta karanta ku, kuma har yanzu ba wanda ya tsaya a kan abin da ya fi komai nauyi. Ni a sashen gaggawa na asibiti nake aiki. Wanda aka kawo mana cikin rabin awa da wanda ya kwana a cikin mota a ƙasan gada ba wanda ya gan shi, ba ɗaya ba ne, ko da raunin iri ɗaya ne. Jini ne ke zuba a ciki, mutum a sume, wayarsa ta faɗa ƙarƙashin kujera. Akwatin nan da kuke shirin cirewa, da jakar iska ta fashe shi ke kira da kansa ya faɗi inda motar take. Sani, ƙanena, kana da iyali. Ba kai kaɗai ke shiga motar nan ba. Ka tambayi maiɗakinka ko ta yarda a cire?

Sani: Hajiya, maganarki ta shige ni, kuma zan tambaye ta. Amma me ya sa sai an haɗa min biyun? Ina son kiran agajin. Abin da ba na so shi ne a ce kuɗinsa shi ne in bar wani kamfani ya san asibitin da nake zuwa da gidan da na kwana.

Barista Zainab: Tambayar Malam Sani ita ce ainihin zancen, domin raba su mai yiwuwa ne, an ma yi. A Tarayyar Turai, tun 31 ga Maris 2018 kowane sabon samfurin ƙaramar mota dole ya zo da eCall, na'urar da ke kiran 112, lambar agajin gaggawa ta can. Dokar ta tsara shi ya kasance a kwance: ba ya bibiyar motar a tafiyar yau da kullum, sai an yi hatsari ko an danna maɓalli, sannan ya aika ɗan taƙaitaccen bayani, wato wuri, lokaci, inda motar ta dosa, lambar jikinta da irin makamashinta. Ke nan fasahar ceton rai ba ta buƙatar tarihin tafiyarka na shekara. Kamfanoni ne suka ɗora kasuwancinsu a kan modem ɗaya da ita, ta yadda in ka ƙi ɗaya ka rasa ɗaya. Ni a ganina da gangan ne.

Yaya Audu kuma, kan batun abin ɓoyewa. A ƙarshen 2023 an yi ta kawo labaran matan da suka gudu daga mazaje masu dukansu, mazajen na bin sawunsu ta manhajar mota. Mace ta kira kamfani a cire shi, a ce mata asusun da sunansa yake, ba za a iya ba. Har hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta rubuta wa kamfanonin mota tara wasiƙa a kan haka a Janairun 2024. Waɗannan matan ba laifi suka yi ba, amma ransu ya dogara da kada a san inda suke.

Audu: Wannan kam na yarda, Barista, ban kawo shi a raina ba. Amma har yanzu ina ganin ga mutum irina, hatsarin cirewa ya fi na bari.

Alhaji Garba: Ni tambayata ɗaya ce, yarana. In aka sace motar fa? Da wannan abin ake gano ta.

Injiniya Habu: Gaskiya ne, Baba Alhaji, yana taimakawa in ɓarawon ɗan koyo ne. Ƙwararru sun san inda akwatin yake kamar yadda na sani, ko su kunna na'urar toshe sigina kafin su tayar. Wanda sata ce damuwarsa zai iya saka tiraka, wato na'urar bin sawun mota, tasa da layinsa, ya ɓoye ta inda shi kaɗai ya sani. Ita ma tana aika bayani ga wani kamfanin, amma kai ka zaɓe shi kuma kana iya zare ta ranar da ka ga dama.

Alhaji Garba: To madalla. Allah ya yi albarka.

Musbahu: Akwai kuma ɓangaren da ko kamfanin bai yi niyyar sayarwa ba, ajiyar kanta hatsari ce. A Mayun 2023 Toyota ta amsa cewa bayanan wurin motocin abokan cinikinta miliyan 2.15 a Japan sun kasance a buɗe a intanet kusan shekara goma saboda kuskuren saiti. A Disamban 2024 aka gano na motocin lantarki kusan 800,000 na rukunin Volkswagen a buɗe ta hannun reshensu Cariad, cikinsu har da motocin 'yan siyasa da na 'yan sandan Jamus, wasu ana iya ganin daidai inda suke kwana. A Janairun 2025 masu binciken tsaro suka nuna sun shiga shafin ma'aikatan Subaru, suka ga tarihin tafiyar mota na shekara guda, suna kuma iya buɗe ta su tayar. Abin da ba a tara ba, ba ya zuba.

Hajiya Rabi: Musbahu, amma kai da kanka ka taɓa faɗa a nan cewa na'urar da ba a sabunta manhajarta ita ce ta fi sauƙin kutse. In Sani ya yanke sabis, ta ina gyara zai iso masa?

Musbahu: Tambaya mai kyau, Anti. Ki tuna Jeep Cherokee ɗin nan, wadda masu binciken tsaro Charlie Miller da Chris Valasek suka karɓe daga nesa a 2015 ɗan jarida na tuƙa ta a babbar hanya, har Fiat Chrysler, mai ƙera ta, ta yi kiran gyaran motoci miliyan 1.4. Ta ina suka shiga? Ta wannan layin sabis ɗin. Motar da ba ta da shi, wannan ƙofar a toshe take. Amma kina da gaskiya ta wani gefen: yanzu akwai gyare-gyaren birki, batir da na'urorin taimakon tuƙi da ake turowa ta iska. Wanda ya yanke, nauyi ya koma kansa. Sai ya riƙa duba lambar jikin motarsa a shafin kamfani ko an yi kiran gyara, in akwai ya kai a saka masa da waya. Wanda ya san ba zai yi wannan ba, gara kada ya yanke. Tesla ma ta rubuta a ƙa'idarta cewa kashe haɗin na iya jawo raguwar aiki ko babbar illa ko motar ta ƙi aiki.

Barista Zainab: Kafin kowa ya ɗauki sukundireba, a duba takardu. In motar ta haya ce ta dogon lokaci, ko ta wurin aiki, ko ana biyan bashinta, wataƙila ka sa hannu cewa ba za ka taɓa na'urar ba, wasu masu ba da bashin ma suna saka tasu daban mai iya hana mota tashi. In inshorarka irin wadda ake rage kuɗi bisa yadda kake tuƙi ce, yankewa saɓa yarjejeniya ne. Garanti kuma ya danganta da ƙasa. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ba ta barin kamfani ya soke garantin mota gaba ɗaya don ka taɓa wani sashe, sai abin da taɓawar ta lalata. Duk da haka za a iya ja maka rai in matsalar ta shafi lantarki, shi ya sa hanyar da ake iya mayarwa ta fi yanke waya da almakashi.

Kuma ina ba da shawara a fara da rubutu. Ka rubuta wa kamfanin ka janye amincewarka, ka nemi kwafin abin da suka tara, ka nemi a goge, ka nemi a kashe layin daga wajensu. A Turai dokar kare bayanan mutane ta GDPR ta ba ka wannan haƙƙin tun 2018, California da wasu jihohin Amurka ma suna da tasu. Matsin lamba na aiki: General Motors ta daina ba waɗancan kamfanoni biyu bayanai cikin makonni da fitowar labarin, jihar Texas ta maka ta a kotu a Agustan 2024, a Janairun 2025 kuma hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sanar da matakin hana ta miƙa irin waɗannan bayanai ga masu haɗa rahoton mutane har shekara biyar.

Sani: Barista, zan rubuta. Amma in sun ce sun kashe, da me zan gane? Soke rajista ba ya nufin modem ya daina magana, yana nufin ni ne na daina ganin abin da yake faɗa. Wannan ne ya sa hankalina ya fi kwanciya da soket a hannuna fiye da saƙon "mun karɓi buƙatarka".

Barista Zainab: Ba ni da amsar da za ta gamsar da kai a nan. Yarda ce kawai da tsoron hukunci. Na dai fi son a yi biyun, don cire soket ba ya goge abin da suka riga suka kwasa.

Maryam: Don Allah ni ta hannu na saya, an shigo da ita daga wata ƙasa. Ni ma abin ya shafe ni?

Injiniya Habu: Ya danganta da shekararta, ƙanwata. Motoci da yawa da aka ƙera wa kasuwar Amurka da modem na 3G sun yi shiru da kansu a 2022 lokacin da kamfanonin waya suka rufe wannan sabis ɗin. Sababbi kuma layinsu ba lallai ya kama a wata ƙasa ba in babu yarjejeniya. Abin da ya fi kamata ki duba shi ne tsohon mai ita: in asusunsa na nan haɗe kuma motar na samun sabis, yana iya ganin inda take. Ki mayar da allon yadda ya fito daga masana'anta, ki sa kamfani ya cire sunansa. Sannan ki leƙa ƙarƙashin sitiyari wajen soket ɗin da ake saka kwamfutar bincike, in kin ga wani ɗan abu a maƙale ko wayoyin da aka naɗe da salatif ba irin na kamfani ba, a duba miki.

Hajiya Rabi: Ni dai ban sauya ba. Na ji hujjojinku, kuma na yarda an zalunci mutane. Amma tawa motar ba zan cire ba, kuma Sani, in ka cire, ka tabbata wayarka na da gano hatsari ka kunna shi. iPhone tun daga 14 na da shi, wasu wayoyin Pixel ma haka. Ka saka lambobin gaggawa, ka kuma faɗa wa duk mai tuƙa motar cewa maɓallin SOS ɗin nan ba ya aiki, kada wani ya dogara da shi ranar tsanani.

Sani: Na ɗauka, Hajiya, har takarda zan liƙa a jikin maɓallin. Injiniya, in na cire ta yaya zan tabbatar ta yi shiru?

Injiniya Habu: Kada ka goge manhajar tukuna, ita ce ma'auninka. Ka cire fiyus, ka yi zirga-zirgarka ta kwana da kwanaki don ƙaramin batirin ya ƙare, ka bi ta wuraren da sabis ke da ƙarfi, kana duba ko wuri da awon mai sun motsa daga inda suka tsaya. Kada ka gwada da danna SOS, in yana da rai masu agaji za ka tayar a banza. Ka cire motar daga Wi-Fi na gida, kada kuma ka ba ta intanet daga wayarka, in ba haka ba ka buɗe mata wata hanyar. Ka sani ranar da ka kai ta sabis aka soka mata kwamfuta za a iya karanta abin da ke ƙwaƙwalwarta, kuma na'urar da ke riƙe daƙiƙun ƙarshe kafin hatsari tana nan, ita ba ta aikawa, a cikin motar take zaune. Turo mini samfurin da shekarar da hoton bayan murfin akwatin fiyus, na ciki da na wajen injin, in duba ko akwatin modem ɗin na da fiyus nasa shi kaɗai kafin ka zare komai.